Ratsin Mushtari Bai Ɓace Ba

Zuwa ga Ikhlas, sanyin idaniyata, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, ruwan farko da ya sauka a kan shukar zuciyata,

Sallama irin ta masoyi. Ina rubuta miki wannan takarda, kuma na matso da ita kusa da fuskata fiye da yadda na saba.

Kin tuna yammacin nan bayan yankan gero, da Baba, mahaifinki, ya yarda na kafa madubin hangen nesana a ƙofar gidanku bayan magariba? Kika sunkuya kika sa ido, kika daɗe kina leƙe har na zaci ba ki ga komai ba. Can kika ce duniyar Mushtari ta yi kama da ƙwaryar da aka ja wa ratsi biyu, aka ɗiga mata lalle a gefe. Kika ƙirga watanninta huɗu, kika ce ga su nan jere kamar 'yan tsaki. Wayyo dariyarki a ranar! Shekara biyu ina manna wayata a bakin madubin nan ina ɗaukar hoton gajimarenta, amma ban taɓa ganin abin da ya kai fuskarki haske ba.

Na gaya miki gajimaren nan ba ya zama wuri ɗaya. Ratsi ya yi kauri, ya sirance, fararen ɗigo su ɓullo su haɗe su watse. Shi ya sa da na ga ratsin kudu yana dusashewa a watan jiya, murna na yi. Na rubuta wa abokan kallon sama cewa na ga sabon abu daga Bagwai. Sai Abdulrashid, abokina na Zariya, ya ce in sake duba hoton da na tura da kaina. Na buɗe shi na duba da idon hagu. Ratsin yana nan, Ikhlas, yana nan daram! Na rufe hagu na duba da dama, idon da nake leƙa madubi da shi, sai ya narke kamar gishiri a ruwa, wata biyu na gefe suka ɓace.

Daga nan na tuna akuyar da na kusa bugewa da babur a hanyar Ɗambatta, wadda ban ga fitowarta ba. Na tuna yadda ɗalibaina na gefen dama ke ɗaga hannu ina wuce su.

Likita a Kano ya ce hawan jinin ido ne. Abin da na dama ya rasa ba zai dawo ba, kuma ya fara taɓa na hagu. Laraba za a yi mini aiki, ko Allah zai sa a tsayar da shi.

Tsoro nake ji, abar ƙaunata, tsoron da ban taɓa ji ba. Da asuba ba na yarda in buɗe ido sai na yi addu'a. Yaya zan yi in na wayi gari muryarki na kusa, fuskarki ta yi nisa? Wa zai gaya mini kin yi murmushi? Ina zan ga ɗan da za ki haifa mini? Mako uku na ɓoye miki, ina zuwa hira ina dariyar ƙarya, don ina gudun ki dube ni da tausayi maimakon so. Ki yafe mini.

Bayan sallar Juma'a zan faɗa wa Baba komai, tun ba a kai ga ɗaurin auren ba. Ba zan ɗaure ki da alkawarin da kika yi wa mai ido biyu ba. In kin janye, wallahi bakina ba zai taɓa faɗin laifinki ba, ko da zuciyata za ta tsage kamar ƙasar fadama a rani.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar Talata da la'asar, tun rana na da ƙarfi, ki fito zaure ki zauna ta hagu da ni. Kada ki sunkuyar da kai don kunya, kada ki yi sauri. Ki bar ni in dube ki sosai.

Naki a haske, naki in duhu ya zo, har ranar da za a mai da ni ƙasa,

Khalilu