Miyar Kifi ta Mutum Ɗaya

Daren Talata, Gwadangaji.

Tun da aka dawo da ni aiki nan daga Argungu, abincin saye ya ishe ni. Jiya na tambayi manhajar AI ta wayata yadda ake miyar kifi, sai ta lissafo mini madara da wani ganyen Turawa. Don haushi na kwana da garin kwaki.

A ofis da na ba abokin aikina Malam Bello labari, ya yi mini dariya: "Mi kac ce mata? Ko likita sai ka gwada mishi inda ke ciwo."

Yau na rubuta mata komai: busasshiyar tarwaɗar da Inna ta ƙunso mini, daddawa, albasar garin Augie, risho ɗaya. Na ce ban taɓa girki ba, ta bi da ni a hankali.

Sai ta tambaya, "Mutum nawa za su ci?"

A gida mu bakwai muke kewaye kwano. Na rubuta "ɗaya."

Miyar ta yi daɗi, ta kusa kamo ta Inna. Na waiwaya in ce a ɗanɗana, sai bango.