Muryar da Gwaggo Indu Ta Ɓoye Mana

Dadar, Mumbai
9 ga Agusta

Zuwa ga Yaya Dinkar,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Sushila da yara. Ubangiji ya ƙara maka sauƙin ciwon gwiwar nan, ya kiyaye ku a ƙasar mutane. Mu nan lafiya ƙalau. Damina ta yi ƙarfi bana, har jirgin ƙasa ya tsaya kwana biyu, maigidana Madhav ya zauna a gida yana damuna da neman shayi. Rufin kicin da ka gyara bai zubar ko ɗigo ba.

Yaya, tambaya ce ta sa na zauna rubutu, kuma ina so ka faɗa mini gaskiya. Ka taɓa jin Gwaggo Indu tana waƙa? Ni dai shekara goma sha ɗaya tana gidana, ko a wajen ibada leɓenta kawai ke motsi. Abin da muka sani shi ne malamar lissafi ce da ba ta yi aure ba, wadda ke kashe rediyo da zarar an sa waƙar fim.

Ranar Lahadi da hantsi wata mata ta buga ƙofa, za ta kai shekara hamsin da 'yan kai, da lema a hannu da wani tsohon faifai a jaka. Ta ce sunanta Malati, 'yar Hemangini ce, jarumar tsofaffin fina-finan nan da Mama ke yawan magana a kanta, wadda ta rasu da ƙuruciya. Wai shekara uku tana neman mawaƙiyar da ta yi wa mahaifiyarta duk waƙoƙinta, wadda ake rubuta sunanta Nilprabha, sai wani tsohon mai busa sarewa ya ba ta adireshinmu. Na yi dariya na ce ta yi ɓatan kai. Sai Gwaggo ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce, "Wannan mai sarewar tun yana saurayi bakinsa ba ya rufuwa. Ki shigo da ita, Vasanti, kuma ta bar lemar a waje."

Na kawo shayi, na nemi wuri na zauna, ba wanda ya ce in tashi. Gwaggo ta ce tana da shekara goma sha tara wani mai tsara kiɗan fim ya ji ta a bikin unguwa, ya biyo ta har gida. Kaka ya yarda, amma da sharaɗin kada sunan gidanmu ya fito a jikin faifai, shi ya sa aka laƙaba mata Nilprabha. A lokacin makaɗa arba'in ake tarawa a ɗaki ɗaya, mutum ɗaya ya yi kuskure sai a koma farko. Ta ce akwai waƙar da ta yi sau goma sha bakwai saboda mai ganga yana atishawa. Waƙarta ta farko a bakin Hemangini aka sa, kuma suka dace har mutane suka ɗauka jarumar ce ke rerawa da kanta. Daga nan aka haɗa su. Gwaggo kan je wajen ɗaukar fim ta zauna a gefe tana kallon yadda Hemangini ke jan numfashi da yadda take karkata baki, don ta rera daidai da ita. Waƙa hamsin da biyu a shekara bakwai, Yaya. Har da wadda aka sa a bikin aurenka, Gwaggo na zaune tana rarraba wa baƙi alewa.

Na tambaye ta me ya sa ta daina. Ta ce ba ta daina ba, daina kiranta aka yi. Bayan rasuwar Hemangini an sa muryar Gwaggo a bakin wata sabuwar yarinya, sai 'yan kallo suka yi ta ihu a silima suna cewa an saci muryar mamaciya. An sake gwadawa da wata, haka dai. Ta yi wata shida tana ƙoƙarin sauya murya, mai tsara kiɗan ya ce mata, "Indu, ko tari kika yi, Hemangini ake ji." Sai ta koma ta karanta aikin malanta. Ta faɗi wannan duka ba tare da wani ɓacin rai ba, tana tsoma biskit a shayi.

Sai Malati ta faɗi abin da ya kawo ta. Shekararta biyu uwarta ta rasu, ba ta san muryarta ba sai ta fim, kuma a zuciyarta waƙoƙin nan su ne uwarta. Ta roƙi Gwaggo ta rera mata ko baiti ɗaya, ita za ta rufe ido. Gwaggo ta ajiye kofi ta ce a'a. Na ji kunya ƙwarai, matar ta fara tattara jakarta. Sai Gwaggo ta ce, "Zauna, 'yata. Uwarki tana da muryarta, mai kauri ce, in ta yi dariya har titi ana ji, kuma ko kusa ba ta iya waƙa ba. Wannan da kike ji tawa ce. In za ki buɗe ido ki dube ni, zan yi miki."

Ta yi, Yaya. Muryar ta tsufa, ta karye a wuri biyu, ta tsaya ta sha ruwa ta ci gaba. Malati ba ta ɗauke ido daga fuskarta ba har ta gama, hawaye na zuba ba ta share ba. Madhav da ke karanta jarida a baranda ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa. Da aka gama Malati ta durƙusa ta taɓa ƙafafun Gwaggo don girmamawa, sannan ta ce a ba ta labarin dariyar nan ta uwarta. Suka yi ta hira har abincin rana ya huce. Da za ta tafi ta miƙa faifan ta ce a sa mata hannu, Gwaggo ta rubuta sunanta na gaskiya, Indumati Nadkarni, da manyan baƙi irin na allo.

Tun ranar nake ta tunani. Baba ya sani, don Gwaggo ta ce shi ke raka ta a jirgin ƙasa zuwa wajen ɗaukar waƙa. Mama fa? Ta san wa take saurara duk shekarun nan? Kai ka girme ni da shekara tara, ka zauna gidan Kaka, ka tuna mini duk abin da ka gani, ko ƙarami ne. Na tambayi Gwaggo ko in faɗa maka, ta ce in faɗa, amma in gaya maka kada ka zo mata da na'urar ɗaukar murya, ka zo da kunnenka kawai, kuma kada ka daɗe, shekararta tamanin da ɗaya.

Ka gaishe mini da Anti Sushila, da Ketaki da mijinta, da Omkar. Madhav yana gaishe ka, Gwaggo ta sa muku albarka. Ka dubi kuɗin jirgin sama na watan Nuwamba.

Ƙanwarka,
Vasanti