Ban Tashi Daga Kujerar Ba

Chicago, 1917

Mama,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Kaka, yaya Ozella da yara?

Na samu aiki a masana'antar ƙarfe. Wuta ta ɗan lashi hannuna, amma kada ki damu, na hagu ne. A aiko min da safa mai kauri.

Jiya a motar haya wani farar fata ya zauna kusa da ni. Na zabura zan koma baya, wurin zaman baƙaƙe, yadda muka saba a Mississippi. Wata tsohuwa, baƙa irinmu, ta jawo rigata: "Zauna, ɗan ƙauye! Wa ya kore ka?"

Na koma na zauna. Mutumin ko kallona bai yi ba.

Ki gaya wa Kaka, ita da aka sayar a matsayin baiwa tana yarinya: jikanta bai tashi ba. Don daɗi, har na wuce inda zan sauka.

Allah ya sada mu da alheri.

Ɗanki,
Lemuel