Wani Tsoho Daga Ƙauyenmu

Laraba, 6 ga Maris, 1957
Larabar Toka. Fada ya shafa mana toka a goshi a coci da sassafe, na goge tawa a bakin famfo kafin in shiga ofis. Bana na bar sigari da sukari har Ista. Matata Rifkatu ta ce ita kuma ta bar yi mini faɗa, mu ga wanda zai fara karyawa. Matar nan!

Asabar, 9 ga Maris
Baba ya iso a jirgin Kafanchan. Idon hagu ya rufe, na dama ma sai dishi-dishi. Ya kawo mana acca da citta a ƙulle cikin tsohon bargonsa. Na ba shi taguwata da wando, ya shafa su, ya ce a ajiye wa mai zuwa biki. Ya rame ƙwarai. Da ya kama hannuna a tasha sai na ji tafinsa kamar ɓawon itace.

Talata, 12 ga Maris
Kwana shida ba sigari. Na tauna fensir biyu.

Alhamis, 21 ga Maris
Ban so rubuta wannan ba.

Mun fito daga asibiti ni da Baba, likita ya ce yanar ido ce, za a yi aiki mako mai zuwa. A bakin ƙofa sai ga Malam Ja'afaru, babban akawunmu, a kan kekensa. Ni da nektai, Baba da bargo, ba takalmi, tabar gari a hancinsa, yana riƙe da gwiwar hannuna. Malam ya ce, "Markus, wa ka kawo?" Na ce, "Wani tsoho ne daga ƙauyenmu, ranka ya daɗe, nake taimaka masa." Ko gargada ban yi ba. Malam ya sauka daga keke ya gaishe shi, ya wuce.

Baba bai saki hannuna ba har gida. Hausarsa ta cinikin kasuwa ce kawai. Ina jin bai gane ba.

Juma'a, 22 ga Maris
Bai gane ba. Ya ci tuwonsa sarai, har da ƙari.

Lahadi, 24 ga Maris
Na gaya wa Rifkatu tana tsintar wake. Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ka gode wa Allah na yi alkawarin ba faɗa." Can kuma, ba ta ɗago ba: "Ashe sukari ne ya dame ka." Da ta yi faɗan ma da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 29 ga Maris
An yi wa Baba aikin, lafiya lau. An naɗe masa kai da bandeji, ni ke ba shi kunu a cokali. Yana buɗe baki tun cokalin bai iso ba, sai ya ba ni dariya, sai kuma dariyar ta maƙale. Na je addu'ar Hanyar Giciye a coci da yamma, ban ji ko kalma ɗaya ba.

Asabar, 6 ga Afrilu
Na yi ikirarin zunubaina wurin Fada. Na fara da ƙananan, saurin fushi da su kwaɗayi, sai a ƙarshe na faɗi wannan. Da Hausarsa ta Bature Fada ya ce, "Allah ya gafarta maka. Amma tsohon yana gidanka, ba ya Roma."

Laraba, 10 ga Afrilu
Musulmi ma suna azuminsu, ofis shiru. Na tsaya gaban teburin Malam Ja'afaru kamar mai laifi a kotu. Na ce, "Ranka ya daɗe, tsohon nan na asibiti mahaifina ne." Bai ɗago daga fayil ba. Ya ce, "Na sani. Tafiyarku ɗaya, kunnuwanku ɗaya. Jira nake ka faɗa da bakinka." Kafin magariba matarsa Hansai ta aiko da kunun tsamiya da ƙosai daga Unguwar Sarki, wai a kai wa Baban Markus.

Saura mai wuyar. Gobe.

Alhamis, 11 ga Afrilu
Ban iya ba.

Juma'a, 19 ga Afrilu
Juma'a Mai Tsarki. Da muka dawo daga coci na sami Baba ƙarƙashin mangwaro, an cire bandejin tun shekaranjiya, yana ta kallon kajin Rifkatu kamar bai taɓa ganin kaza ba. Na durƙusa, na faɗa masa da harshenmu, duka, yadda na faɗa ran nan.

Ya ce, "Ai na ji. Idona ne ya mutu, ba kunnena ba."

Na ce me ya sa bai ce komai ba. Ya ce, "In na yi fushi na saki hannunka, wa zai kai ni gida?" Ya ce kwana uku abin yana cinsa, tuwon nan ma don Rifkatu ya ci. Daga baya ya tuna shi ne ya tura ni makaranta, bai kuwa tambayi abin da ake koyowa a can ba.

Sai ya kama haɓata, ya juya fuskata wajen haske, ya duba da sabon idon. "Kai ma ka tsufa, ashe. Ina gashin kanka ya tafi?"

Na yi kuka, ni da nake da 'ya'ya uku. Ya bar ni na yi abina.

Talata, 23 ga Afrilu
Baba ya koma jiya, wai ruwa ya kusa sauka, gona ba ta san ido ba. Yau na miƙa takardar neman hutu na watan Yuni. Dama na daɗe ban huta ba, shi ke nan. Rifkatu ta tambaye ni me sabuwar garma take yi a bayan ƙofa. Na ce likita ya ce zaman tebur ba shi da kyau ga baya.

Ta ce, "Wane likitan?"