Ban Jira Ki Gama Ba

Zuwa ga kanarina, sanyin idaniyata, inuwata a tsakar rana, matata tsawon shekara goma sha tara,

Yau kwana arba'in ke nan da yayanki, Yaya Babba, ya ɗauke ki zuwa gidansa. Gidanmu ya zama kango, ni kuma na zama maigadinsa. Likita ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: harshen da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, in ba a motsa shi cikin watannin nan ba, zai daskare har abada. Ke kuma kin daina magana ɗungum. Wayyo ni! Na san wanda ya rufe miki baki, ba ciwon ba ne.

Kin tuna ranar da kika faɗo shagona bayan bikin ƙawarki da na sa kiɗa a wurin? Kika ce wane irin DJ ne ni, da zan ɗauki tsohon faifan fonk, kiɗan nan na Amurka mai zafi, in rage masa gudu har mawaƙiyar ta koma kamar wadda aka tasa daga barci. Surutu kamar ruwan sama a kan kwano, ko numfashi ba kya yi! Na zaunar da ke a kan akwatin faya-fayai, na ɗora miki abin ji a kunne, na ja waƙar sannu a hankali. Sai kika ji mawaƙiyar tana jan numfashi kafin kalma, kika ji kujerar mai ganga tana ƙara. Kika yi shiru, karo na farko. A nan na san na kamu.

To ga abin kunyar. Ni da nake wuni guda a kan waƙar sol, irin ta baƙaƙen Amurka, ta minti uku, ina miƙa ta har minti bakwai don kada ko numfashi ɗaya ya ɓace, ni ne na kasa jiran ki minti ɗaya. Da hantsin ranar nan, bayan ciwon ya kama ki, kina kan kujera bakin taga, kina kokawa da wata kalma, leɓenki na rawa, gumi ya keto miki. Ni kuwa ina sauri zan kai kayan kiɗa wurin wani taro. Na ce ruwa kike so, na dangwara miki kofi, na fice. Kaico! Da na dawo kin juya wa duniya baya, kofin yana nan cike.

Me zan yi da kunnen nan in ba ke zai saurara ba? Jiya na kunna waƙarmu, na yi ta rage gudunta har muryar ta zama nishi, har ta zama kuka. Na kashe. Ban ƙara taɓa na'urar ba.

Ba na roƙon tsohuwar muryarki, hasken raina. Wannan mai nauyin nake so, mai tuntuɓe, mai tsayawa a hanya. Ranar Asabar bayan la'asar zan zo. Ba zan kawo faifai ba. In Yaya ya hana ni shiga, zan zauna a dakali. In kin buɗe baki, wallahi ko rana za ta faɗi ba zan ƙarasa miki harafi ɗaya ba.

Har yau ban san abin da kika so ki faɗa mini ba. Ki faɗa, ko da korata ce.

Naki, mai jiran ki har numfashinsa na ƙarshe,
Mijinki