Turmin Innarka Yana Nan a Kife

Matameye, cikin watan Sha'aban.

Zuwa ga Muntaka, ɗan ƙanena marigayi, a Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, Ya tsare ka daga haƙoran injinan masaƙar da kake aiki, Ya kuma ƙara maka hankali, don shi ne ya yi maka ƙaranci. Malam Mahamadu mai rubutu a bakin kasuwa ke riƙe da alƙalami, ni Bawa ke magana, kuma na gargaɗe shi kada ya sassauta mini ko kalma ɗaya. Matarka Habsatu lafiya. Yaranka lafiya, sai dai ƙaramin ya rame har wuyan rigarsa na zamewa. Rijiyar unguwa ta ja ƙasa, kullum sai an ƙara wa guga igiya. Jakina ya mutu. Sama kuwa fes take, ko gajimare babu. Innarka Balki, matata, ba zan ce maka lafiya ko ba lafiya ba, don ba ta gidan, kuma kai ka fitar da ita.

Bari in tuna maka, ko hayaniyar Kano ta mantar da kai. Da ka zo ganin gida ka taho mana da rediyo da sabulu mai ƙanshi, ka sa agogo a hannu kana ta juya shi don a gani. Ba ka leƙa rumbu ba, mu kuma ba mu buɗe maka ba, don ba a tarbar baƙo da kuka. Washegari da asuba innarka ta ɗauki taɓarya kamar yadda ta saba. Sai ga ka ka fito daga ɗaki daga kai sai wando, ido jajir, kana cewa a bar mutum ya yi barci, wai wannan noyis ɗin ya ishe ka. Ka faɗi kalmar, ka sake faɗi. Ba ka tsaya nan ba, ka ɗaga murya ka ce me ma ake dakawa, ai Habsatu ta gaya maka ƙaiƙayi ne kawai a turmin, a daina wahalar da kai da wahalar da mutane. Katangarmu ba ta kai kafaɗata ba, Muntaka. Gidan Tanko sun ji, gidan liman sun ji, mata masu zuwa rijiya sun tsaya da tulu a ka sun ji.

Ni ban shiga lakwal na yi boko ba, ban san bakin Nasara ba, na can ko na nan. Amma ba a zagina da abin da ban sani ba in haƙura. Na tafi tasha na sami Idi mai babur, wanda ya daɗe a Kaduna, na ce ya fassara mini. Ya yi ta sosa ƙeya, ya ce Baba a bar maganar. Na ce ba zan tashi ba. Sai ya ce ƙara ce wadda ba wanda ya roƙa, ba wanda yake so. Ya ce ihun yara a aji haka malami ke kiransa, da kukan tsohuwar mota, da shuuu ɗin nan da rediyo ke yi in tasha ta ɓace. Ya ce har mutum mai yawan surutu ba kan gado, haka ake ce wa maganarsa. Na tambaye shi ko ana faɗa wa kiɗa mai daɗi haka, ya ce a'a, sai wanda aka raina. To na gane. Hannun da ya goye ka, ya yi maka kunu ran da aka binne ubanka kana rarrafe, shi ka haɗa da tsohuwar mota. Kai da kake wuni a masaƙa inda ka ce mana mutum ba ya jin na kusa da shi sai da alamar hannu. Wancan ba ka taɓa fitowa da wando ka ce a kashe ba, don na masu gida ne.

Gaskiya ne, ƙaiƙayi take dakawa. Tun da rumbu ya ƙare take tashi da asuba ta zuba ƙaiƙayi da ɗan tsakin dusa ta yi ta lugude har da tafi, don wanda ya wuce ta lungu ya ce gidan Bawa an tashi da abin sawa a baki. Da rana kuma ta dafa ganye a rufe ƙofa a ci. Amma ran da ka yi ihun nan ba ƙaiƙayi ba ne a turmin. Gero ne. Daga tukunyar irin da na binne a ɗakina don shuka ta ɗiba, da sanina, ta ce yaronta ba zai zo daga Kano ya sha ruwan ganye ba. Da ka koma ɗaki ta sauke taɓarya. Ta ja turmin bayan ɗaki ta ƙarasa a hankali kamar mai sata. Furar da ka sha da hantsi har kana lashe ludayi, ita ce.

Kana hawa babur ta kife turmin a tsakar gida, ta ɗaure ƙunshinta ta kama hanyar Dungu wajen yayanta, a ƙasa, a wannan rana da shekarunta. Na bi ta har can. Ta ce ni ba ta da rigima da ni, amma bakin da ya ce ta ajiye taɓarya shi zai zo ya ce ta ɗauka, in ba haka ba a bar ta ta mutu inda aka haife ta. Ka san ta. Ni ma an ce ina da taurin kai, amma a wajenta na koya.

Habsatu na ce ta daka, ta ce kunya ba za ta bar ta ta taɓa turmin ba, sai kuka, don ta san bakinta ne ya fara. Da na ga safiya na wayewa gidana shiru kamar maƙabarta, na tashe turmin da kaina na zuba ƙaiƙayi na kama daka, da furfurata. Ban yi nisa ba Indo matar Tanko ta leƙo ta katanga, ta ce Malam Bawa don Allah ka ajiye kada ka fasa wa Balki turmi, wannan daka ko kurma ya ji ya san na namiji ne. Na ce ta kula da gidanta. Sai ta ce mini abin da har yau bai bar ni na yi barci mai daɗi ba. Ta ce wace mace ce ba ta san kukan ƙaiƙayi da kukan gero ba? Ta ce tun farko kowa ya sani, kuma nata turmin ma abin da ke ciki ke nan, haka na matar liman, haka duk lungun. Innarka ke farawa, su amsa mata, kowa na rufa wa kowa asiri, yara su ji daka su yi haƙuri su koma barci da sa rai. Ba wanda ya taɓa faɗa da baki. Sai kai.

Yanzu ka zo ka ji lungunmu da asuba. Na Indo ya fara yin shiru, na matar liman ya bi, sauran suka bi. Yara na farkawa ba su ji komai ba sai su fara kuka. Mai unguwa ya tako har zaurena ya ce tunda magana ta fito fili, in je in bi layin jar dawar da sojoji ke rabawa a bariki. Ni Bawa, da na taɓa cika rumbu har na ba maƙwabta aron wuri, in tsaya da ƙwarya wani yaro mai bindiga yana ce mini matsa can tsoho. Tanko ya je, ya dawo kansa a sunkuye, ko gaisuwa ba ma haɗa ido. Ni ban je ba. Habsatu ta je saboda yaranka, ban hana ta ba, ban kuma ci ba.

Ga abin da nake so, kuma ba roƙo nake ba. Kafin a ga watan azumi ka zo. Kada ka ce iyaka a rufe take, ta dajin da ka ratso ka zo ka yi barci ta nan za ka ratso. Kada ka aiko da saƙo, kada ka aiko da buhu a madadin ƙafarka, ba za ta karɓa ba. Ka sayi goro, ka je Dungu, ka cire takalmi da agogon nan, ka durƙusa a gabanta a gaban yayanta, ka ce da Hausar da ta koya maka: Inna ki zo ki daka. In ka yi, ni ba zan ƙara tayar da maganar ba. In ba ka yi ba, ka aiko a ɗaukar maka iyalinka, kuma ran da ka ji na mutu kada ka wahalar da kanka, Tanko ya isa ya sa ni a rami.

Ka gai da Shekara ɗan gwaggonka in kuna haɗuwa, ka gai da mai gidan da kake haya. Habsatu na gaishe ka, yara na gaishe ka. Innarka ba ta ba da gaisuwa ba, ni kuma ba zan yi mata ƙarya ba.

Rediyonka na ba Idi ya mayar maka tare da takardar nan. Pil ɗinsa, wato batir, ya yi sanyi, ba abin da yake yi sai shuuu. Turmin na mayar da shi a kife inda ta bar shi.

Ni ne wan ubanka,
Bawa.