Ƙugiyar Hular Babana

Doña Fresia, don Allah ki taimake ni, kuma kada ki buga sunana a jarida, garinmu ƙarami ne.

Shekarata goma sha huɗu. Ƙungiyar masunta ta ce za a gina wurin tunawa da waɗanda teku ya tafi da su, 'yan makaranta su kawo zane. Na zana bencin dutse yana kallon ruwa, da bango mai ƙugiyoyi, kowane gida ya rataye hular ulu ta mutuminsa, a rubuta suna a ƙasa. Ban zana mutum ba don ban iya zana hannu ba. Sai aka zaɓi nawa. Shugabansu, wanda ake kira Don Eleuterio, ya ce rashin mutum ɗin ne ya sa shi kuka.

Matsalar ita ce babana. Bara ya fita da kwalekwale, bai dawo ba. A wurinmu idan ba a ga gawa ba, kayan mutum ake sawa a akwati a binne a kan tudu. Mamata ta hana ko safa ɗaya. Ta ce mutumin da bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba, ba za a binne shi don ya makara ba. Hularsa tana bayan ƙofa, duk Asabar sai ta wanke ta. Kakata kuma, mahaifiyarsa, ta ce tana son inda za ta kai furanni kamar sauran mata. Wai in sato mata hular, tunda ba wanda ke lura da ni.

Mama ba ta san zanen nawa ne ba. Ta ce wanda ya yi shi ba shi da aikin yi. Maƙerin da zai ƙera ƙugiyoyin yana jiran amsata kafin bikin San Pedro, waliyyin masunta, ranar da za a buɗe wurin. In na sa ƙugiyar Baba, na binne shi a bayan idon Mama. In na cire, Kaka za ta tsaya hannu wofi ranar biki. Yaya zan yi?

Mai Zane

'Yata,

Kada ki taɓa hular nan. Mamarki ba ruɗewa ta yi ba, jira take, kuma mijinta ne. Kakarki ma ba gaggawa take ba: ɗanta ne, kuma ita ba ta da sauran shekarun jira da yawa.

Fara da Mama. Ki gaya mata da bakinki zanen naki ne, kafin ta ji a wurin masu sayar da kifi. Za ta yi faɗa. Ki bari ta gama. Sannan ki je wurin Don Eleuterio, ke da Kaka, ki ce a kafa ƙugiyar amma kada a rubuta komai a ƙarƙashinta. Kaka ta saƙa sabuwar hula ta rataye, ta kai furanninta. Wadda ta haife shi ba ta bukatar izinin kowa kafin ta saƙa masa hula.

Suna kuwa, ranar da zai hau bangon nan, mamarki ce za ta faɗa. Ba ƙungiya ba, ba ke ba. Ke zane aka tambaye ki, kin kuma yi.

Allah ya sanyaya zukatanku ku uku.

Doña Fresia